Yadda Yaya Ya Wanke Rigunan Kanikawa

Wata huɗu ke nan da rasuwar Yaya, Allah ya jiƙansa, kuma har yau duk wanda ya shigo yi mana gaisuwa, in ya zauna ya yi addu'a ya yi shiru, can sai ka ga kafaɗarsa ta fara rawa. Ba kuka ba ne. Maganar rigunan nan ce ta faɗo masa. Tun ina jin haushi har na daina. Tunda kowa da yadda yake ba da labarin, wasu har da ƙarin gobarar da ba a yi ba, na ce bari in rubuta shi yadda ya faru. Abin da ban gani da idona ba matarsa ce ta faɗa min. Sauran kuwa shi da kansa ya ba ni ya fi sau ashirin, don har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaukar abin a matsayin abin kunya ba.

Yaya ya yi shekara ashirin da biyu a kamfanin fenti. Aikinsa wanke durom da share ɗakin gwaji. Amma yana shara kunnensa a buɗe. Ranar da ya yi ritaya ya dawo gida da farar riga irin ta masu gwaji, da wani kwali mai zanen zobe mai kusurwa shida, da kuma tabbacin cewa kamfanin ba zai ga ƙarshen shekara ba. Kamfanin yana nan har gobe.

Daga ranar unguwa ta shiga uku da zobe. A ƙasa zai zana shi da tsinke, a bango da gawayi, a madubin Mai Aski da yatsa.

"Duniyar nan da kake gani," in ji shi, Mai Aski na kankare masa ƙeya, "zobba ce. Ƙwayar gawayi shida, sun riƙe hannun juna sun yi da'ira. Sunansa benzin. Ka maƙala masa 'yar wutsiya, ya zama toluwin, shi ne ƙarfin tinar da masu fenti ke tsinka fenti da ita. Ka manna zobe biyu gefe da gefe, ka samu kafur ɗin da matarka ke jefawa a akwatin kaya. Rinin rigarka zobe ne. Tayar mota akwai zobe. Maganin ciwon kan da ka sha jiya, zobe."

"Ban sha maganin ciwon kai jiya ba, Furofesa. Yau dai da alama zan sha."

Furofesa ake ce masa, kuma yana amsawa da sauri. Wani malamin makaranta ya taɓa gaya min cewa yawancin abin da Yaya ke faɗa gaskiya ne. Matsalar ba a bakinsa take ba. A hannunsa take.

Babban burinsa shi ne ya buɗe wurin wankin kaya ba da ruwa ba. A lissafinsa, ruwa na jahilai ne, datti mai taurin kai zobe ne kawai ke narkar da shi. Ya sa aka rubuta masa allo: FUROFESA, WANKIN KIMIYYA, BA RUWA BA SABULU. Ya jingina shi a ƙofar gidan hayar da yake zaune, gida mai ɗaki takwas, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Wata biyar allon na nan, ba wanda ya kawo ko hankici.

Sai Allah ya kawo maigidana.

Maigidana bakanike ne, kuma shi ke horar da ƙungiyar ƙwallon kanikawa, shi ya sa kowa ke ce masa Koci. Shekara goma sha ɗaya yana wannan wahala, bai taɓa wuce zagaye na biyu ba. A wannan shekarar suka kai wasan ƙarshe, kuma da direbobi za su kara, mutanen da kullum ke kawo musu mota su tsaya a kansu suna koya musu gyara. Ranar Alhamis aka karɓo sababbin riguna goma sha shida, farare masu shuɗiyar lamba, ta Gola, mai tsaron gida, ce kawai ruwan ɗorawa. Suka sa, suka je filin wasa ɗaukar hoto. Mai hoto ya makara, suka jeru a dogon benci suka jingina suna jiransa. An yi wa bencin jan fenti da safen. Da suka tashi, kowa na ɗauke da layi uku ja a baya, daidai kan lamba.

Dokar gasar ba ta da wasa: rigar da aka yi wa rajista ita za a sa, kuma duk wanda alƙali bai iya karanta lambarsa ba, ba zai taka fili ba. Mai buga lamba ya ce sai wani mako. Wasa kuwa Asabar, ƙarfe huɗu.

Na ce wa Koci kada ya bi ta gidan Yaya. Ya ce tambaya kawai zai yi. Ya fita da buhun rigunan, ya dawo ba buhu.

Ga yadda aka yi. Ya sami Yaya zaune a ƙofar ɗaki, ya gaishe shi, ya ciro riga ɗaya.

"Yaya, tambaya na zo yi. Wane sabulu ne ke fitar da fenti?"

Yaya ya waiwayi matarsa. "Kin ji ko? Sabulu." Ya karɓi rigar ya shinshina, ya ɗaga ta a rana, ya kankara da farce. "Fentin mai ne. Ka shekara kana goga sabulu, rigar ce za ta fita ta bar fentin. Ajiye buhun."

"Da ma na ce ko in nuna wa tela..."

"Tela zare ya sani. Ni na san abin da aka yi zaren da shi. Wannan rigar ma da kake gani, zobe ce."

"To ba za ta narke ba?"

"Akwai zoben da ke narkewa, akwai wanda ba ya narkewa. Bambance su shi ne aikin. Je ka kwanta da hankalinka. Asabar za ka gan su a fili."

Koci na fita, Yaya ya shafa gemu. Mutum dubu za su taru ranar Asabar, kuma kowannensu yana da riga. Ya ce wa matarsa ta fara tunanin inda za ta riƙa shanya, don igiyar gidan ba za ta isa ba.

Juma'a da sassafe ya dawo a bayan babur rungume da jarkar tina. Ya sa farar rigarsa ya ɓalla maɓallai har wuya. Abin da ya rage shi ne mazubi mai murfi, don tina ba ta son iska. Idonsa ya faɗa kan kular Mai Ƙanƙara, matar ɗakin da ke kallon nasa, babbar kula ta farin soso da take sa ƙanƙarar sayarwa.

"Maƙwabciya, ara min kularki na awa ɗaya."

"Me za ka zuba?"

"Ilimi."

"Ilimin yana da wari?"

"Kaɗan. Zan dawo miki da ita ta fi yadda take tsafta."

Ta ba shi, amma ta tsaya a wurin da hannu a ƙugu. Yaya ya shimfiɗa rigar Gola a ƙasan kular, ya ɗora uku a kai, ya tuntsura jarka, ya rufe, ya dafa murfin da hannu biyu yana duba agogo. Aka ji wani ɗan sauti kamar an zuba ruwa a garwashi. Kular ta fara gajarta. Yaya yana dafe yana sunkuyawa, yana dafe yana sunkuyawa, har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Da ya ɗaga murfin, babu komai a ƙarƙashinsa sai riguna huɗu a cikin wani farin abu mai yauƙi, tina kuma ta kama hanyar makwarara.

Mai Ƙanƙara ta daɗe tana kallo. "Furofesa, ina kulata?"

"Tana nan. Siffa ta canza."

"Ta canza zuwa me?"

"A kimiyya ba abin da ke ɓacewa. Farin soso ai zobe ne, jere-jere. Tina zobe. Sun ga juna sun gane juna. Da ma na sani."

"Ka sani ka zuba?"

"Sanin yana nan tun da can. Fitowarsa ce ta zo bayan zubawar. Kuma ki gode wa Allah, yanzu mun tabbatar tinar ba jabu ba ce."

Ta karɓi murfin daga hannunsa, wanda shi ma ya soma lotsawa, ta shiga ɗaki ba ta ƙara cewa komai ba. Matar Yaya ta ce da zagi ta yi da ya fi sauƙi.

Riguna ukun sama ya ɗauraye su a sauran tinar. Ta Gola, wadda ta sha yawancin kular, ya rataye ta a ƙusa ya ce zai dawo kanta. Kafin ya dawo rana ta busar da ita. Ya sauke ta, ta tsaya a kan ƙafarta da kanta, hannuwa a buɗe. Ya ƙwanƙwasa ƙirjinta da yatsa, ta amsa.

"Wannan ba za a taɓa ta ba," in ji shi. "Ƙwallo na bugunta za ta koma inda ta fito. A wasu ƙasashen saye ake yi."

Ya aro rabin durom na ƙarfe, ya sake komawa kasuwa ya ƙaro jarka. Sannan ya bi ɗaki-ɗaki yana karɓar ashana.

"Yau ba a kunna wuta a gidan nan. Ko risho, ko gas, ko taba. Ƙyas ɗaya, mun tashi gaba ɗaya."

A nan kam gaskiya ya faɗa, kuma warin da ya cika gidan ya sa ba wanda ya yi musu. Ɗaki takwas ba a ɗora tukunya ba. Mata da maza suka kwaso tabarmi suka fito titi, suna cin busasshen burodi suna leƙensa ta ƙofa. Mai Aski ya rufe shago ya kawo kujerarsa.

"Furofesa, in wuta ta tashi ka yi mana ihu da wuri."

"Wuta ba ta tashi a hannun wanda ya san ta."

"Haka kula ma ta ji."

Yaya ya ɗaure hanci da hankici, yana juya riguna da sanda a cikin durom. Bayan rabin awa matarsa ta leƙa ta gan shi tsaye gaban famfo yana gaishe shi, yana tambayarsa iyali. Ta toshe hanci ta shiga ta janyo shi waje, ta zaunar da shi a inuwa tana yi masa fifita.

"Ba jiri ba ne," ya ce mata da idonsa ya daina juyawa. "Tunani ne ya yi yawa."

"To ka bar shi ya huce."

Da rana ta take ya ce kowa ya matso. Ya tsoma sanda ya ɗago riga ɗaya, ya girgiza ta, ya baza ta gaban jama'a. Ja ya fita. Wannan ba zan danne masa ba, ko ɗigo bai rage ba. Rigar fara fat, har tana ɗaukar ido. Mai Aski ya miƙe tsaye. Wani ya fara tafi. Yaya ya lumshe ido yana gyaɗa kai, shekara ashirin da biyu na shara sun biya.

"Malam," in ji matarsa, "juya ta mu ga bayan."

"Bayan ne wannan."

"To ina bakwai ɗin?"

Yaya ya juya rigar. Ya sake juya ta. Ya leƙa cikinta. Ya leƙa durom, ya ga tinar ta koma wani launi tsakanin ja da shuɗi. Ya ɗago ta biyu, ya ɗago ta uku. Goma sha biyar, duk farare tas kamar ba a taɓa yi musu rubutu ba.

"Lamba ma ai fenti ce," ya ce.

"Koci ya ce a cire ta?"

"Koci ya ce a cire fenti. Bai ware ba."

Ana cikin haka waya ta yi ƙara, Koci ne. Yaya ya gaya masa ja ya fita, ya ce kada ya wahalar da kansa zuwa, shi zai kai kayan har fili. Koci ya yi ta godiya. Ina gefensa lokacin, na ga har idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa ya je dai ya gani da idonsa. Ya ce ni ba na yarda da ɗan'uwana.

Mayar da lamba bai dami Yaya ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kamfanin fenti, me zai hana shi rubuta biyu zuwa sha shida? Ya sayo gwangwanin shuɗin fenti, ya yanka lambobi a kwali. Har ya tsoma buroshi, sai ilimi ya taso masa. Fentin gwangwani in ya bushe tauri yake yi, ɗan wasa na gudu zai tsattsage. A kamfani akwai wani mai da ake ɗigawa don fenti ya yi laushi. Sunan man ya kwanta masa, yawan da ake sawa ma haka. Amma mai ai mai ne. Ya zuba kofi ɗaya na man inji ya gauraya, ya duba, ya ƙara kofi ɗaya saboda tsaro.

Lambobin sun yi kyau, wannan ma ba zan danne masa ba. Ƙarƙashin kowace ya zana ɗan zobe mai kusurwa shida don masu kallo su san hannun da ya yi aikin. Ya jera su a igiya.

Da yamma matarsa ta taɓa ɗaya, yatsanta ya fito shuɗi. Asabar da safe ta sake taɓawa, ya sake fitowa shuɗi.

"Malam, bai bushe ba."

"Samansa ne bai bushe ba. Ciki ya bushe."

"Kuma suna wari."

Wannan ya yarda. Ya aika aka sayo kafur leda biyu, ya daka a turmi, ya barbaɗe rigunan ciki da waje. Ya ce zobe biyu ya fi zobe ɗaya ƙarfi, dole ƙaramin wari ya ba babba wuri. Sannan ya ninke kowace riga biyu ta tsakiyar baya, a tsanake, kamar yadda ake yi a kanti. Tunda ba halin guga, ya jera su ya ɗora bulo biyu a kai, shi kuma ya zauna a kan bulon har azahar.

Ƙarfe huɗu saura kwata ya iso fili. Farar riga a jiki, buhu a kafaɗa, allonsa a hannu ɗaya, rigar Gola a hammata kamar ƙyauren taga. Koci ya riga ya ciji farcensa har ya ƙare. Aka shige ɗan ɗakin canza kaya, aka kwance bakin buhu.

Mutum goma sha shida suka fara hawaye a lokaci ɗaya.

Koci ya ɗauki ta sama ya ware ta. Ta buɗe da ƙara kamar ana ɓare filasta. Ya tsaya yana kallo. Ɗanyen fentin kowane ɓangare ya hau kan ɗaya ɓangaren. Uku ta haɗu da 'yar'uwarta ta zama takwas. Shida ta zama takwas. Tara ta zama takwas. Biyu da biyar ma, in ba ka matso sosai ba, takwas ne. Takwas ɗin gaskiya ita ce kawai ba ta canza ba, sai dai ta yi ƙiba. Daga goma zuwa sama kuwa, wani irin rubutu ne da ba a koyar da shi a makaranta.

"Yaya," in ji Koci a hankali, "mene ne wannan?"

"Ka ga ja?"

"Ban ga ja ba."

"To."

Ba lokacin magana. Aka sa riguna. Gola sai da mutum biyu suka ɗaga tasa suka sauke masa ta ka, ya fito hannuwa a buɗe kamar mai shirin rungumar duniya.

Alƙalin wasa wani siririn mutum ne mai tabarau, ba ya dariya. Ya jera su, ya ɗauko takarda yana kira.

"Ɗaya." Gola ya juyo gaba ɗayansa, don wuyansa ba ya juyawa shi kaɗai. "Biyu." Wani ya fito ya ba da baya. Alƙali ya duba, ya goge tabarau, ya sake dubawa. "Na ce biyu."

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Takwas nake gani."

"Shekaranjiya biyu ne ni."

Alƙali ya bi layin ta baya yana ƙirgawa. "Koci, takwas nawa gare ka?"

"Ɗaya na yi wa rajista."

"Shida nake gani."

Yaya ya matso ya gyara wuyan riga. "Alƙali, ni ne na yi aikin. In ka rufe ido ɗaya, ka kare rabin bayan da tafin hannu, lambar asali za ta fito maka."

"Malam, ina gudu zan riƙa kare bayan mutane da tafin hannu?"

"Sabo ne. Minti goma za ka saba."

Da a nan aka tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma kyaftin ɗin direbobi ya zo ya dubi kanikawa, ya ga ƙarti suna sharar hawaye, ya ga mai tsaron gidansu ba ya iya sunkuyawa, sai ya ce a bar su su buga, shi ba ya son kofin sadaka. Alƙali ya yi tunani, ya ce to, muddin yana iya karanta wani abu za a ci gaba, amma duk lokacin da ya duba bai ga lamba ba, zai busa.

Aka take wasa, kuma abin mamaki, sai ya juya wa direbobi. Tun farkon mako kocinsu ke ce musu su tsare mai lamba tara, ga shi babu tara a filin. Wanda ya matso kusa da bakanike kuma sai kafur ya buge shi, ya ja da baya yana murza ido. Sau biyu suka buga wa Gola ƙwallo, sau biyu ta daki ƙirjinsa ta yi ƙara kamar an bugi ƙofa, ta dawo har tsakiyar fili. Minti talatin da ɗaya, wani takwas ya ba wani takwas, shi kuma ya sa wa wani takwas a ka. Raga.

Koci ya durƙusa a bakin layi ya rufe fuska. Shekara goma sha ɗaya.

Yaya kuwa ya ɗaga allonsa sama ya zagaye filin a hankali. Da aka tafi hutu ya je wurin mai lasifika ya yi masa magana a kunne, aka sanar wa duk wanda ke wurin cewa rigunan kanikawa aikin Furofesa ne, ga shi nan mai farar riga, masu bukata su same shi bayan wasa. Ya ɗaga hannu ta kowace kusurwa, don kada wani ya ce bai gane shi ba.

Aka dawo, rana ta buɗe, gumi ya keto. Man inji ya ji zafi ya tuna shi mai ne. Lambobi suka kama hanyar ƙasa. Shuɗi ya gangaro kan wando, ya wuce kan safa. Ƙwallo ta yi shuɗi. Hannuwan direbobi suka yi shuɗi. Wani direba ya share gumi, ya ƙarasa wasan da shuɗin gashin baki.

Saura minti goma sha huɗu, har yanzu ɗaya da nema, wani bakanike ya kwashe ƙafar wani direba. Alƙali ya busa, ya zaro kati, ya kama kafaɗar mai laifin ya juya shi don ya rubuta lamba. Babu lamba, sai wani shuɗin tabo mai kama da taswira. Ya kira na kusa ya juya shi. Ya kira wani. Ya jera su goma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya je benci ya juya na can ma. Filin ya yi tsit, har ana jin tarin Gola daga cikin rigarsa.

"Ɗaya kawai nake iya karantawa," in ji alƙali. "Mutum ɗaya ba ya wasa."

"Ranka ya daɗe, minti goma sha huɗu ne," in ji Koci. "Ka san su ai. Wancan shi ya gyara maka birki."

"Birkin yana ƙara har yanzu."

"Don Allah."

"Na faɗa tun farko."

Sai ga Yaya ya ratso jama'a, kwalbar tina a hannu ɗaya, buroshi a ɗaya. "Alƙali, ba ni minti biyar. Su tsaya yadda suke, ba sai sun cire ba."

Kanikawa goma sha biyar suka ja da baya taku uku a tare. Gola ya so ya bi su, ya faɗi rigingine ya kasa tashi.

Alƙali ya busa sau uku, ya nuna ɓangaren direbobi.

Ban taɓa jin dariyar mutum dubu a lokaci ɗaya ba sai ranar. Direbobi suka ɗauki kofi da shuɗayen hannuwa suna zagaye fili. Wani daga cikin 'yan kallo ya cire rigarsa yana kaɗawa yana kiran Furofesa ya zo ya karɓa, wasu suka bi sahu. Yaya ya ɗaga musu hannu ya ce su bi layi ranar Litinin.

Koci ya taho a hankali ya tsaya gabansa. Jijiyar wuyansa kawai ke motsi.

"Yaya," ya ce, "da a ce ba ƙanwarka nake aure ba..."

"Da ba ka samu wanki irin wannan ba. Bar godiya, ai an zama ɗaya. Ka tara min su a buhu, wannan shuɗin tina kaɗan zai fitar da shi."

Koci ya dube ni. Na dubi ƙasa. Ya juya ya tafi ya ɗaga Gola.

'Yan wasan suka fito ɗaya bayan ɗaya, hanyar fita kuma ta gefen Yaya take. Kowa dai in ya zo wucewa sai ya goga tafinsa a bayan rigarsa ya dangwalo shuɗi, ya sauke wa Yaya shi a gadon baya, da ƙarfin mutumin da ya saba kwance taya. Yaya yana tangaɗi yana cewa madalla, madalla, sai haƙuri, wasa ne. Na goma sha shida Gola ne, shi da yake hannunsa ba ya lanƙwasuwa, da gefen riga ya buge shi.

Muka fito tare, yana tafe a karkace, bayansa shuɗi tun daga wuya har ƙugu.

"Kin gani ko?" ya ce min. "An ƙwace musu kofi, amma ba wanda ya wuce bai dafa ni ba."